Hawa Uku Tsakanina da Jikana

Daga Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata na kulle ɗakina, na miƙa wa maƙwabciyata makulli da amanar kajina. Ana tsakiyar kaka, an gama yankan gero. Tafiyar ƙasar Sin ce a gabana, garin Guangzhou, inda autata Bilki take aure shekara uku ke nan. Mijinta, Malam Sanusi, yana saya wa 'yan kasuwar Kano kaya yana ɗora musu a jirgin ruwa. Bilki ta haifi namiji bakwaini, sai da ya yi sati uku a kwalba kafin asibiti su sallame shi. Sun sa masa sunan marigayi mijina, don haka ni ba na kama sunan. Maigida nake ce masa. A waya kaɗai na san shi, fuska kamar tafin hannu a cikin farin tawul.

Yayyenta mata huɗu duk ni na yi musu wankan jego, kwana arba'in-arba'in, ban taɓa aika wata ba. Wannan karon bizar kwana goma sha huɗu aka ba ni. Na ce ko huɗu ne zan je, in ɗauki yaron nan a hannuna, in zuba wa uwarsa ruwa.

Jaka biyu na ɗaure. Garin kunu, citta, kanumfari, masoro, kimba, tsamiya, zuma, da kwali guda na busasshiyar tarwaɗar koginmu don farfesun mai jego. Mota ta tashi daga tasha shida da minti goma. Muna wuce Gujungu direba ya ce in da ya san da kifi zai yi tafiya da ya caje ni kuɗin mutum biyu. Na ce masa ya dubi titi, hancinsa ba shi ne ke tuƙi ba. Shingen jami'ai uku muka wuce, ba wanda ya sauke mu. Tara da rabi muna Kano.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwana biyu kafin in taso na je wani gidan suna inda rabin mata ke tari. A motar nan na fara jin maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙaiƙayi. Na jefa kanumfari a baki na yi shiru. A wurinmu mura ba ciwo ba ce da babba zai ambata.

Jirgi biyu

Jirginmu ya ɗaga ƙarfe ɗaya da wani abu na rana. Awa biyar muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jira, aka sake kwasar mu a wani jirgin da ya fi na farko girma. Wannan awa goma ne a sama. Sanyin cikinsa ya shiga ƙashina, bargon da suka bayar bai kai zanin goyo ba. Kafin rabin hanya jikina ya ɗau zafi, gaɓoɓina duk suna ciwo.

Wata 'yar kasuwa da ke gefena ta ce a filin jirgin can akwai na'urar da ke gane mai zazzaɓi daga nesa, su ware shi. Da na ji haka na haɗiye farasitamol biyu awa ɗaya kafin mu sauka. Ban ɗauke shi laifi ba a lokacin. Yanzu na san da dabarar nan tawa ta ci gaba da tafiya daidai, da zazzaɓin nan na kai wa jariri bakwaini har gadonsa.

Na wuce na'urar lafiya ƙalau. Kare ne ya kama ni. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogon kunne ya zo ya zauna kusa da jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka shinshina kayan yajina ɗaya bayan ɗaya aka mayar, aka ɗauke kwalin kifi. Wani Bakano ya yi mini tafinta, ya ce dokarsu ce, nama da kifi ba sa shiga. Na tsaya ina kallon tarwaɗar da na zaɓa ɗaya-ɗaya da hannuna ana turawa a kan keke.

Dengfeng, rana ta farko

Malam Sanusi na jira a waje. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Sinawa ya gaishe ni, na amsa a taƙaice don kada ya ji muryata. Tasi ta yi minti arba'in da biyar da mu zuwa unguwarsu, Dengfeng. Lunguna ne matsattsu, shagon waya a jikin shagon waya, masu canji, ƙananan gidajen abinci da ƙamshin miyar gida ke fitowa. Na ji Hausa sau uku kafin mu kai ƙofa. Bene mai hawa takwas ne, babu na'urar hawa, su suna na biyar.

A hawa na uku tari ya ci amanata. Na dafa bango na yi shi har hawaye. Da na ɗago, Malam Sanusi ya ajiye jakunkuna yana kallon ƙasa. Muka ƙarasa, Bilki ta buɗe ƙofa, ta rame, ta yi fari, ta taho za ta rungume ni. Sai Malam Sanusi ya sa hannu ya tare ƙofar, ya sake durƙusawa.

“Hajiya, ki gafarce ni. Likita ya ce ko ni na yi atishawa, a waje zan kwana. Huhun yaron bai gama ƙwari ba.”

“Mura ce kawai,” na ce.

“Inna, tun yaushe?” in ji Bilki.

Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba. Na ce tun Haɗeja. Ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Daga inda nake tsaye ina hango ƙafar gadon jaririn da gidan sauro, taku shida bai fi ba. Ni da kaina na ja da baya. Na ce wa surukina ya tashi, ya yi daidai, ya nema mini inda zan kwanta.

A hawa na biyu akwai ɗakunan da matar mai gidan ke ba baƙi haya. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai gajeren farin gashi, kowa Ayi yake ce mata, wato goggo a yarensu. Nan aka sa ni. Hawa uku tsakanina da jikana.

Asibitin unguwa, rana ta biyu

Ƙarfe tara na safe muka je, tafiyar minti goma a ƙasa. Suka sa mini tsinke mai auduga a hanci, suka ce murar nan ce mai zazzaɓi da ke yawo duk lokacin da iska ta juya daga zafi zuwa sanyi. Likitar mace ce, ba ta kai Bilki ba a ido. Ta tambaya ko na yi allurar rigakafin mura kafin in taso. Na ce ban san mura tana da allura ba. Malam Sanusi ya ce shi da Bilki duk sun yi, kuma laifinsa ne da bai gaya mini ba.

Ta ba da magani, ta kuma yi dogon bayani yana juya mini. Wai magani taimako ne kawai, garkuwar jiki ce ke yin yaƙin, ita kuma ba ta ƙarfi sai da barci isasshe, da ruwa mai ɗumi a kai a kai, da abinci mai kyau da 'ya'yan itace. In wanke hannu da sabulu, in sa takunkumi, in bar taga a buɗe. Sai zazzaɓi ya tafi tari ya kwanta, sannan ta sake duba ni. Ya nuna mata cittata da kanumfari da zuma, ta ce in sha, suna sanyaya maƙogwaro, amma ba za su maye gurbin kwanciya ba. Na amsa da to. A raina na ce yarinya, ni da na haifi tara ban taɓa kwanciya da rana ba.

Ɗakin hawa na biyu

Ɗakin da ke kallon nawa wata Hajiya Tsahara ce a ciki, 'yar kasuwar Maraɗi, mai sayen mayafai da takalma, zuwanta na goma sha. Da ta ji daga inda nake sai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, don tsakanin Katsinawa da Haɗejawa akwai wasa, su kuwa mutanen Maraɗi Katsinawa ne.

“Bahaɗejiya, an ce kare ya amshe miki kihi. To mi ya rage miki a duniya?”

“Ya rage mini in ga ranar da Bakatsiniya za ta shigo da sallama.”

Tun daga nan kullum da safe sai ta ajiye mini lemo da ayaba a ƙofa kafin ta tafi kasuwa, ta zage ni ta wuce.

Da Ayi kuwa yaƙin taga muka yi. Ni na san iska ce ke kawo mura, don haka na rufe ko'ina na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ita kuma in ta shigo da butar ruwan zafi sai ta wangale taga ta yi ta surutu tana kaɗa hannu. Tana fita in rufe. A rana ta uku ta kawo mini romo a kwano. Ban san naman mene ne ba, ban san wa ya yanka ba. Na ce “shiye-shiye”, wato na gode, na ture shi gefe. Ta dubi kwanon ta dube ni, ta ɗauka ta fita. Na ce shi ke nan, na ɓata da mai gida.

Abin da ya fi zazzaɓin ciwo shi ne kukan. Tagogin gidan duk tsakar gida ɗaya suke kallo, kuma akwai jarirai biyu ko uku a benen. Cikin kwana biyu na ware na jikana. Siriri ne, yana yi yana tsayawa kamar mai neman izini. In ya fara sai ƙirjina ya amsa, in tashi zaune in riƙe gefen katifa. Saboda kukan nan na daina rufe tagar. Bilki kan kira ni a waya ta nuna mini shi, ga shi a saman kaina amma a gilashi nake ganinsa kamar ina Haɗeja. Ta wayar na koya wa Malam Sanusi dama kunu. Na farko ya yi gudaji, na ce ya zubar.

Shisanhang, rana ta biyar

Ranar Lahadi na tashi ba zazzaɓi. Na lissafa, saura kwana tara. Sai tunanin kifin nan ya dawo mini. Kaka ta taso tun daga Haɗeja ta shiga wurin jika hannu rabbana, wannan ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na ɗaura takunkumi na ce wa Tsahara ta kai ni inda ake sayar da kayan jarirai. Ta ce lokotoro, wato likita, ta ce in kwanta. Na ce in ba za ta kai ni ba zan tambayi hanya. Ta san zan aikata, ta sa takalmi.

Muka hau bas ƙarfe takwas, muka bi ta titin Liuhua inda manyan otal da shagunan sari suke, muka sauka Shisanhang wajen tara. Ban taɓa ganin tufafi da mutane haka ba. Masu tura kaya na ihu, hawa kan hawa duk riguna. A waje rana na dukan kai, in ka shiga ciki sanyin na'ura kamar randa, ka fito gumi ya sake karyo maka. Na nemi rigunan sanyi na ɗan ƙaramin jariri, shago uku suna ce mini “meyo”, babu. A na huɗu na samu, saiti shida da huluna da safa, yuwan ɗari da ashirin na kuɗinsu bayan Tsahara ta ja da mai shago tana ce masa “lawban”, wato uban gida, kamar ɗan ɗakinsu. Awa biyar muka yi a tsaye. Da muka fito iska ta juya, ta taso daga arewa da yayyafi, mayafina ya jiƙe kafin mu sami bas.

Kafin magariba zazzaɓi ya dawo, ya fi na farko, tari ya sauka ƙirji. Washegari likitar ta saurari bayana ta tambayi Malam Sanusi ina na je. Da ya faɗa mata sai ta ƙara magani, ta ce a sake lissafi daga farko.

Bilki ce ta kira. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

“Inna, yana da riguna. Akwati biyu gare shi. Ke ce ba shi da ita.”

Na kashe wayar don kada ta ji abin da muryata za ta yi.

Kwana shida a kwance

Daga ranar na kwanta. Na faɗa da gaske, shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. In na ji ƙarar tsintsiya a waje ƙafata har motsi take. Na yi barcin rana kamar ɗan yaye. Na sha ruwan ɗumi har na gaji da zuwa bayi. Safe da yamma citta da kanumfari da lemon tsami, in ya huce in sa zuma. Na yi sirace da ruwan zafi na lulluɓa da zani. Lemon Tsahara kuwa ban bar ko ɗaya ba.

A rana ta bakwai Ayi ta ƙwanƙwasa. Ba kwano a hannunta, leda ce. Ta nuna mini koren tambari mai rubutun Larabci a jikin ledar, ta jawo Tsahara ta shaida cewa daga mahautan Musulmin bakin titi ta sayo kazar. Ta ɗauki tukunyata, ba tata ba, ta wanke a gabana, ta ɗora a kan murhun ɗakina. Duk abin da za ta jefa sai ta ɗaga ta nuna mini: citta ɗanya, jan dabino, busasshen ɓawon lemo, wani farin ɗan itace mai ruwa. Na miƙa mata masoro da kimba, ta shinshina, ta yi atishawa, ta jefa kaɗan. Awa biyu romon na dahuwa a kan ƙaramar wuta, muna zaune, ita da takunkumi ni da takunkumi, ba mai jin yaren wata. Ta fito da waya ta nuna mini hoton wani yaro da kayan makaranta, ta yi nuni da hannu can nesa, ta ɗaga yatsa ɗaya. Tsahara ta ce jikanta ne, sau ɗaya a shekara take ganinsa. Na shanye kwano biyu.

Kullum sai ta dawo da leda. A rana ta tara zazzaɓi ya tafi. Tari ya yi ta raguwa, ni kuma ina lissafin kwanaki da yatsu ina jin siririn kukan nan daga sama. A rana ta goma sha biyu da la'asar likitar ta daɗe tana saurarar ƙirjina. Ta ce gobe zan iya hawa, amma da takunkumi, in wanke hannu har gwiwa, kuma kada in sumbace shi.

Hawa na biyar, rana ta goma sha uku

Ranar ta zo daidai da cikarsu arba'in. Na yi wanka na sa kayan da Bilki ta wanke ta aiko. Ƙarfe bakwai na safe na hau, ina hutawa a kowane hawa. Malam Sanusi ya buɗe ƙofa ya matsa gefe. Na wanke hannu sau biyu, ba wanda ya ce in maimaita.

Bilki ta ɗora mini shi. Daga tafin hannuna zuwa gwiwar hannu, iyakarsa ke nan. Bai kai mudun gero nauyi ba. Kunnuwan marigayi ne sak, masu ɗan lanƙwasa a sama. Na ce, “Maigida, ka wahalar da ni. Tun ba ka yi haƙori ba ka sa ni zaman jira a ƙofa.” Ya yi miƙa ya kama bakin mayafina. Na yi masa addu'a a cikin takunkumi, ban tofa ba.

Da hantsi na dafa ruwa na shiga da Bilki banɗaki. Babu ganyen darbejiya, da tawul na yi, ruwan ma ba ta bari ya yi zafin da na saba ba. Na gasa mata baya da kafaɗu, ƙasusuwanta duk a waje. Wanka ɗaya cikin arba'in. Tana sunkuye ta ce, “Inna, ya isa, wallahi ya isa,” na san ba ruwan take nufi ba, wanka ɗayan nan take ce mini ya wadatar. Na ci gaba da zubawa.

Yinin ranar da safiyar washegari yana hannuna, ba na bayar da shi sai in zai sha nono. Da za mu fita Ayi ta cusa mini ƙullin ɓawon lemo a jaka, na ba ta sauran kimbata. Tsahara ta ce in gaida kifayen Haɗeja, ta juya da sauri ta shige ɗaki.

Komawa gida

Hanyar da ta kai ni ita ta dawo da ni, Addis Ababa, sannan Kano da azahar. Wannan karon da takunkumi da rigar sanyi na zauna, ina neman ruwan zafi wurin ma'aikatan jirgi. Na sami motar ƙarfe uku, muka shiga Haɗeja ana kiran magariba. Kajina sun cika, har da ƙarin 'yan tsaki.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, bai sa na zama sanadin ciwon yaron nan ba. Na gode wa surukina da ya iya tare ni a ƙofa, ba kowane ɗa zai iya ba. Na gode wa Bakatsiniya, da tsohuwar da har yau ban san sunanta na gaskiya ba. Duk mai shirin zuwa ganin jariri a irin wannan lokaci na juyawar iska, ta nemi allurar mura tun da sauran sati biyu, ta guji taro, in kuma ta kamu ta faɗa, ta kwanta.

Da safe mata suka cika tsakar gidana da sannu da zuwa. Suka tambayi tsayin benaye da abincin Sinawa, na ba su amsa. Sai maƙwabciyata ta ce to shi angon naki, ya gane ki kuwa? Na ce yini ɗaya da rabi yana hannuna, kusan duk barci yake. Sau ɗaya ya buɗe ido sosai ya dube ni, ya daɗe yana kallo. Daga ido zuwa goshi ya gani. Sauran fuskar bai san ta ba tukuna.